Ƙayoyin Kurungun Zinare

Kwana huɗu ne kacal, amma na sha wahala. Kuma ba irin wahalar da za ka ba da labari a tausaya maka ba ce, irin wadda kana faɗa ana danne dariya ce. Na yi shekara ashirin da wani abu a kan ruwa. Kwale-kwale ya kife da ni sau biyu, dorina ta taɓa bin mu har gaɓa. Duk ban ji tsoron da kifin da bai kai ɗan yatsana tsawo ba ya ba ni, a garin da ko kududdufin kirki babu.

Ni Basarke ne, daga wajen Yawuri. Ubana masunci, kakana masunci. Boko na tsaya a aji huɗu, allo ma ban yi nisa ba. Shekarata tara ke nan a Riyad, a kasuwar zinare ta Dira, a wani ɗakin ƙira da ke saman kanti. A igamata, wato katin zama, an rubuta lebura, kuma ba su yi mini ƙarya ba. Aikina shara, sai goge kaya a inji idan an gama ƙera su. Maƙerin da nake ƙarƙashinsa ɗan Masar ne, muna ce masa Usta. Kantin kuwa na wani ɗan ƙasa ne, shi ne kafilina, zamana a ƙasar nan a hannunsa yake. Yakan leƙo ranar Alhamis da hantsi, ya sha shayi, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba awakinsa, ya tafi.

Wanda bai taɓa aiki a maƙerar zinare ba ba zai gane abin da ya same ni ba sai na yi bayani. A wurin nan ba a zubar da komai. Sharar da na share ba bola take zuwa ba, durom ake zuba ta, idan ya cika a ƙone a tace. Ruwan da muka wanke hannu tara shi ake yi. Tsumman goge inji ma ajiye shi ake. Ina jin ni kaɗai ne mai shara a duniya da ake gadin shararsa. Sannan duk abin da Usta zai miƙo mini in goge, sai ya ɗora a sikeli, idan na mayar ya sake ɗorawa. Shekara tara ana wannan, sikeli bai taɓa ƙarata ba.

Wata rana Usta ya ƙwala mini kira daga ƙasa. Na sauko na tarar da wata Hajiya, Bahaushiya, likita ce a wani babban asibiti can arewacin gari. Wai in yi tafinta. Larabcinta ya fi nawa nesa ba kusa ba, ga Turanci, amma Usta yana son a ga cewa shi ma yana da ɗan Najeriya a ajiye, kamar yadda wasu ke ajiye aku.

Na ce, "Sannu da zuwa, Hajiya."

Ta dube ni daga hula zuwa takalmi, ta ce, "Yauwa, Malam, sannu." Ta mayar da ido kan wayarta.

Ashe hutu suka je Masar, ta ga wani abu a gidan tarihi ta ɗauki hoto, shi take so a ƙera wa 'yarta irinsa sak. Usta na ganin hoton ya gyara tsayuwa, ya buɗe ƙirji. Ya ce wannan aikin kakanninsa ne, tun zamanin Fir'auna. Ɗan kifin zinare ne da zobe a baki, ana ɗaura wa yara da 'yan mata a jelar kitso, don kada kogin Nilu ya ci su. Yana bayani yana nuna kansa, sai ka rantse shi ya hura musu wutar ƙirar.

Na leƙa hoton. Wallahi kamar na hango ɗan garinmu a tsakiyar kasuwar Batha ta nan Riyad. Kurungu ne. Ba mai kama da kurungu ba, shi ɗin ne. Ga gashin bakinsa, ga faffaɗan ƙoƙon kai, ga ƙaya ɗaya a gadon baya, biyu a gefe, ga wutsiya mai baki biyu. Ko wane ne ya ƙera abin nan shekara dubbai da suka wuce, ya riƙe kurungu a hannunsa, kuma na tabbata ya sha suka.

Na ce, "Usta, wannan kurungu ne."

Ya ce, "Samak."

Samak kifi ke nan da Larabci. Shi a wurinsa kifi duk samak ne. Mutumin birni ne, a faranti ya san kifi, da lemon tsami a gefe. Ya ci gaba da cewa kakanninsa sun zaɓi wannan ne saboda yana iyo a rigingine, ciki sama, kamar matacce, alhali da ransa, to wannan babban sirri ne. Na ce masa yunwa ce, yana juyewa ne ya tsotsi abin da ke yawo a saman ruwa. Ya ce in koma sama shara na jira na.

Kafin in juya Hajiya ta ce da Hausa, "Malam, ado ne kawai fa. Kada ka ɗauka laya ce."

Ni ban tambaye ta ba. Na ce, "To, Hajiya."

"Ka san garin nan da maganar laya. Ado ne."

"Na ji, ranki ya daɗe."

Har ta kai ƙofa ta waiwayo ta sake faɗa. Sau uku ke nan. Na hau bene ina tunanin ikon Allah, a ce maganin nutsewa ake ƙerawa a Riyad, inda in mutum na son ruwa ya ci shi sai ya yi tafiyar rabin yini a mota ya je ya same shi.

Usta ya yi sati uku a kan kifin nan. Zan faɗi gaskiya, bakinsa ya fi ƙarfinsa amma hannunsa na da kyau. Ya fitar da gashin baki, ya sa ido da wani koren dutse, ya ƙera ƙayoyi uku sirara kamar allura ya liƙa su da wuta, ya fiƙe tsininsu yadda ya gani a hoto. Ranar Litinin bayan azahar ya ɗora a sikeli, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce in goge a hankali, ranar Alhamis za a zo karɓa.

To ga abin da Usta bai sani ba, kakanninsa masunta kuwa na tabbata sun sani. Kurungu idan ya ji hannu miƙe ƙayoyinsa yake yi ya kulle su. Suna yaga taru, suna huda tafin hannu, dafinsu ya hana ka barci kwana biyu. Don haka duk ɗan da aka haifa a gidan su, abu na farko da hannunsa ke koya shi ne wannan: ka cafke shi ta ƙoƙon kai, ka murɗe ta baya, ka murɗe na gefe biyun, ka wurga su ta bayan kafaɗa cikin ruwa. Ba a yar da su cikin jirgi, don wani zai taka. Tun ban kai shekara bakwai ba nake yi. Ba tunani ake ba, kamar ƙifta ido ne.

Na kunna inji, na kai kifin jikin ƙyalle. Ƙayar baya ta kama zare, kifin ya zille, ta gefe ta shige mini babban yatsa. Abin da na sani ke nan. Na ji ƙas, ƙas, ƙas, daidai wurin liƙin, na ga hannuna ya tashi ta bayan kafaɗa ya dawo wayam. Har wani daɗi na ji, na rantse, irin wanda ban ji ba tun da na bar gida. Sai da na dubi abin da ke tafin hannuna, sumul kamar ɗan tsako, sannan na tuna cewa ba a kan kogin Kwara nake ba, kuma bayana ba ruwa ba ne.

Usta bai yi ihu nan take ba. Ya karɓa, ya juya shi, ya ɗora a sikeli, ya dubi lamba. Sannan ya yi ihun. Ya kira sunan Allah, ya kira uwarsa, ya kira sati ukunsa. Ya ce ina ƙayoyin? Na ce na jefar. Ya ce ina? Na ce ruwa. Ya dubi ɗakin, bango huɗu da inji da durom, ya sake dubana.

Na yi ƙoƙarin yi masa bayani da guntun Larabcina. Ka gwada gaya wa mutumin Alƙahira cewa hannunka ne ya yi ba kai ba, ka ga yadda fuskarsa za ta koma. Ya ce mu duba kyamara. Muka tsaya mu biyu gaban ɗan allo muna kallona. Ga ni nan a zaune, na sunkuya, hannu ya yi motsi sau uku, ya tashi ya wuce ta gefen wuya. Ni da na san abin da ya faru ma, da na kalla sai na ga ɓarawo yana zura abu a wuyar riga. Ya mayar baya muka sake kallo. Sau shida. Ban taɓa fitowa a talabijin ba sai ranar, kuma ban yi kyau ba.

Ya caje ni. Riga, aljihu, hula, ɗan kamfai, kunne, har baki ya ce in buɗe in ɗaga harshe. Takalmina kaɗai bai taɓa ba, ya dai ce in cire in kakkaɓe, na kakkaɓe. Balarabe ba ya son harka da ƙasan takalmi, a wurinsu ka juya wa mutum shi ma zagi ne.

Da bai samu komai ba ya zauna ya kunna sigari. Ya ce, "Ya Hajj, shekara tara ban taɓa kama ka da komai ba, shi ya sa ban kira 'yan sanda yanzu ba. Zuwa Alhamis. In ƙaya uku suka hau sikelin nan kafin kafili ya zo, halas, magana ta mutu. In biyu ne, ko biyu da rabi, zan nuna masa hoton nan, shi ya san abin da zai yi."

Ni ma na san abin da zai yi. 'Yan sanda, sannan tarhil, gidan da ake tsare waɗanda za a kora, sannan jirgi. Korar ba ita ta fi damuna ba, kowa ƙarshenta gida zai koma. Sunan ne. A sauke ni a ce zinare ya sata a ƙasa mai tsarki. Ina da 'ya'ya mata uku, babbar an fara zuwa gaisuwa. A garinmu labari irin wannan ba ya tsufa, jikokina ma da shi za a riƙa nuna su.

Na durƙusa na fara nema. Ta farko ba ta ba ni wuya ba, tana ƙarƙashin inji, kafin la'asar na same ta. Na kai wa Usta da murna kamar na kamo giwan ruwa. Ya ɗora a sikeli ya ce, "Wahid." Ɗaya ke nan. Ko kallona bai yi ba.

Talata na juye durom ɗin shara gaba ɗaya, sharar wata huɗu, na riƙa ɗiba a kwano ina zuba ruwa ina regewa, yadda uwata ke rege shinkafa ta fitar da tsakuwa. Mutum mai furfura a gemu, a tsugune, yana wanke datti da hannu kamar mai neman abin miya. Wajen la'asar na ga abu ya yi ƙyalli a gindin kwano. Ta biyu. Na ci gaba har aka rufe kanti. Ta uku babu. Usta da kansa ya naɗe hannun riga ya sake tankaɗe sharar nan da rariya, sau biyu, yana tsaki. Babu.

Laraba da safe sai ga Hajiya likita, wai hanya ce ta biyo da ita ta ce bari ta ga inda aka kwana. Usta ya fito da kifin ya ajiye mata, ya nuna ni da haɓa, ya ba ta labari da ƙari. Ta juyo.

"Malam, me ya kai ka?"

"Hajiya, hannu ne."

"Hannu. Ku ne kuke ɓata mana suna a ƙasar nan. Mutum ya yi karatu shekara da shekaru, ya zo yana aiki da mutuncinsa, sai a ce ɗan Najeriya ya yi kaza."

Na ce, "Gaskiya ne, ranki ya daɗe. Sunan Najeriya lafiya lau yake sai da na karya ƙayar kifi."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ni kuma da na ga ba abin da ya rage mini, sai na buɗe mata tafin hannuna na hagu, inda wani kurungu ya bar mini shaida tun ina saurayi. Na ce, "Wannan ta gaske ce ta yi, ta ƙashi. Ta zinare ta fi ta tsini. Kina so ki ɗaura wa yarinya allura uku a ƙeya ta kwanta a kansu? A wurinmu ko maƙiyinka ba ka miƙa masa kurungu da ƙaya."

"A hoton da ƙaya yake."

"Na cikin hoton a gilashi yake kwance, Hajiya, ba mai juyi a kansa."

Ta ɗauki kifin tana juya shi. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, bara yarinyar ta faɗa tafkin wanka na gidajen da suke zaune. Wata maƙwabciya ce ta tsamo ta. Ita da kanta ta danna mata ƙirji har ruwan ya fito. Ta ce ta yi wa mutane da yawa haka a asibiti, ba ta taɓa sanin hannu na rawa ba sai ranar.

Da na iya bakina da na yi shiru a nan. Ban iya ba. Na ce mata ƙanena, wanda muke ciki ɗaya, ruwa ya ci shi yana da guru da layu bakwai a ƙugu, ubanmu ne ya ɗaura masa su da hannunsa, kuma ba ƙaramin masani ba ne a harkar ruwa. Kwana biyu muna nema, da muka same shi layun na nan daram, ko ɗaya bai kwance ba. Bayan wannan ne na kasa shiga jirgi, har na ƙare a nan ina wanke shara. Na ce, "Ki sa a koya mata iyo, Hajiya. Kifin kuwa ki ɗaura mata don kyau, yana da kyau."

Ta ce, "Ban tambaye ka ba. Kuma na gaya maka ado ne."

"Kin gaya mini, sau huɗu yanzu."

Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta ce wa Usta da Larabci ya bar kifin haka, kada ya mayar da ƙayoyin, ya shafe wurin kawai. Wannan ya taimaki ƙeyar 'yarta. Ni bai taimake ni da komai ba, don sikeli ba ya jin maganar likita. Usta ya ɗaga mini yatsu uku, ya lanƙwashe biyu, ya bar ɗaya a tsaye a gaban hancina.

Ranar na duba inda hankali ba zai kai ba. Na kwance murfin fanka, na zura hannu bayan na'urar sanyaya ɗaki, na duba cikin butar shayi. Da yamma na kama hanyar gida a ƙasa kamar kullum, daga Dira zuwa Oud, inda muke haya ni da wani direba mutumin Maraɗi. Na tsaya masallacin unguwa na yi magariba. Na roƙi Allah abin da ban taɓa zaton babba zai roƙa ba, ƙayar kifi. Na fito na zura takalmi, na taka sau biyu, sai na ji tsit a diddigen dama.

Na san wannan sukar. Ko a kabari aka yi mini ita zan gane ta.

Na koma gefe na juya takalmin. Irin mai kaurin roba ne da ake sayarwa a Batha. Ga ta nan a diddige, ta nutse har wuya, gindinta kaɗai ke leƙowa, ya yi baƙi da dattin inji. Tun ranar Litinin na taka ta. Kwana biyu ina yawo a kanta tana cin hanya a hankali har ta iso nama. Ina rarrafe ina wanke shara, ita tana ƙafata. Ubana ya yi gaskiya da ya ce ba a yar da ita cikin jirgi wani zai taka, bai dai gaya mini cewa ni ne wanin ba.

Murnata ba ta kai minti ɗaya ba. Zinaren kanti ya fita daga kanti a jikina, ya kwana biyu a Oud. Abin da ake tuhumata da shi ke nan, kuma ga shi na yi.

Na shiga ɗaki da takalmi a hannu. Bamaraɗen yana kwance yana cin dabino. Shekararsa goma sha biyar a garin nan, ba abin da bai gani ba, kuma tun da ya ji asalina yake kirana Sarkin Ruwa. Na nuna masa. Ya yi dariya har dabino ya sarƙe shi.

"Sarkin Ruwa, kai da kamun kifi da ƙafa kuma? To miƙo in cire maka da allura."

"In ka cire sai me?"

"Sai ka sa a ƙarƙashin harshe, ka shiga da bisimilla, ka tofar cikin shara, ka yi ɗan lalube, ka tashi da kabbara. Har hawaye ka yi in za su zo. Larabawa na son hawaye."

"Kyamara fa?"

"Ka ba ta baya, ai ba ƙanwar uwarka ba ce."

"Mutumin nan ya tankaɗe sharar da hannunsa sau biyu."

"To ka ce aljanu suka mayar. Kai dai kada ka kuskura ka ce ta fita daga kanti. Gaskiya a garin nan sai mai ɗan ƙasa a bayansa. Kai wa kake da shi, kurungu?"

Ya miƙo hannu zai karɓi takalmin, na janye. Ba don na fi shi tsoron Allah ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Lissafi na yi. In ta fito daga sharar da Usta ya tankaɗe, zai karɓa, wataƙila ma ya yi shiru, amma daga ranar ya gama yanke cewa ɓarawo ne ya ji tsoro ya mayar. Zan ci gaba da shara a gabansa yana bin hannuna da ido har in bar ƙasar. In kuwa na cire ta na kai a hannu na ce a takalmi na samu, wa ya gani? Shaidata ɗaya ce a duniya, robar nan da ta haɗiye ta, da dattin da ya toshe bakin ramin, da gindinta da kwalta ta goge. Wannan ba mai iya ƙera shi, ko Usta.

Na ce, "Ba mai taɓa ta. Ara mini silifas ɗinka na banɗaki, ƙafar dama."

Ya ce, "Allah ya jiƙan Sarkin Ruwa. In sun kai ka tarhil, bargonka nawa ne."

Washegari, Alhamis, na yi asuba na sha ruwan shayi. Na sa takalmina baƙi a hagu, silifas shuɗi na Bamaraɗe a dama, na riƙe ɗayan a hannu a fili, ban sa a leda ba. Na bi ta jikin katangar maƙabarta na miƙe Dira, masu buɗe shaguna suna kallon ƙafafuna. Na riga kowa zuwa. Ina da makullin ƙofar bene amma ban shiga ba, na zauna a dakali har Usta ya iso ya buɗe da hannunsa. Na bi shi ciki. Yana ajiye jaka na kife takalmin a kan gilashin kanti, ƙasan takalmin na kallon fuskarsa, kusa da sarƙoƙin amare.

Ya yi ja, ya buɗe baki. Na sa yatsa a diddigen na ce, "Talata." Uku ke nan da yarensu.

Ya rufe bakin. Ya maƙala ɗan madubinsa a ido, ya sunkuya a kan takalmin da ya ƙi taɓawa ranar Litinin, ya daɗe yana kallo. Ya ɗauko hantsaki ya ja, ta ƙi, ya yanka robar da wuƙa sannan ta fito, a lanƙwashe. Ya wanke ta, ya haɗa da biyun da kifin, ya ɗora a sikeli. Muka tsaya muna kallon lamba har ta daina rawa.

Ya ce, "Saura ɗan kaɗan. Kwalta ta ci."

Na ce, "To in share daga Oud zuwa nan?"

Bai yi dariya ba. Ya ciro wayarsa, inda ya ajiye hoton kyamarar, ya danna ya goge a gabana, ya mayar aljihu. Na miƙa hannu zan ɗauki takalmina, ya riga ni. Ya riƙe shi da yatsu biyu, ya hau bene, ya jefa cikin durom. Ya ce doka doka ce, abin da ya taɓa zinare ba ya fita, za a ƙone shi tare da shara.

Na tsaya na dubi ƙafafuna, ɗaya baƙi ɗaya shuɗi. Na hau bene na ɗauki tsintsiya na fara daga ƙarƙashin inji, don kafili na hanya, kuma ba ya son ya ga ƙura.